Kwikwiyon da Na Ajiye wa Yaya Garba

Yaya Garba ya rasu.

Ina zaune da kofin shayi da safen nan waya ta shigo. 'Yarsa ce, Hajiya Rabi. Ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa ba, sai ta ce, "Baba Bitrus, abokinka ya tafi." Shayin na nan a kan tebur, ya huce.

Ku kun san shi da Alhaji Garba na Kwaciri, tsohon malamin dabbobi. Ni tun ina saurayi Yaya nake ce masa, shi kuwa bai taɓa kiran sunana ba. Bazazzage yake ce mini. Wai duk wanda ya fito daga Zariya bawansa ne, ko coci yake zuwa ko masallaci.

Kare ne ya haɗa mu, a shekarun hamsin, kafin Turawa su tafi. Babana akawu ne a Reluwe, muna zaune a Sabon Gari. Ina da wata 'yar karya, Barsu, kaska ta cinye mata kunnuwa. Ya gan mu a bakin hanya, ya jingine kekensa, ya tsuguna ya cire mata kaskar tas. Bai san ni ba, ban san shi ba.

Daga nan ya zama ɗan gida. Duk Kirsimeti yana wurinmu, amma da sharaɗin shi zai yanka kazar. Innata takan ce, "Garba, ka fi Bitrus amfani." Ba ƙarya ta yi ba.

Yana da wani kare, Saje. Wani Bature ne da zai koma gida ya bar masa shi. Kai, jama'a! Ban sake ganin kare irinsa ba. Ƙato ne, baƙi, kunnuwa a tsaye. In Yaya Garba ya fito da shi ranar farauta, sai mafarautan Fagge su dare su ba su hanya. Shi da karen nan, a akushi ɗaya ne kawai ba sa cin tuwo.

Al'adar masu karnuka a lokacin ita ce, in karyarka ta shiga lokacin barbara, ka kai ta wurin mai namiji. In ta haihu, mai namijin ne zai fara zaɓen kwikwiyo, kafin kai mai ita. Kowa kuwa ɗan Saje yake so, har daga ƙauyuka ake zuwa.

Amma Yaya Garba yana da wani hali da ke ba mutane haushi. Ba ya sakin Saje sai ya kwantar da karyar ya duba gabanta. A wurin aiki ya ga wani ciwo da karnuka ke shafa wa juna wajen barbara, wani jan tsiro da ke fitowa a gaba yana ɗigar jini. Mutane suka ce iyayi ne na ɗan boko.

Da lokacin Barsu ya yi, na yi mata wanka, na ja ta har Kwaciri ina ta murna. Mafarauta na zaune a ƙofar gida. A gabansu ya ce, "Kwantar da ita."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Yaya, har da ni?"

Ya ce, "Ai kai ne ma abin dubawa, Bazazzage."

Ya duba ta, lafiya ƙalau. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ce, "To, a kwantar da naka shi ma mu gani. Ko shi ɗan sarauta ne?"

Aka kwashe da dariya, har da shi. Kullum na mutane yake dubawa, nasa kuwa yana ganin ai a gabansa yake kwana yake tashi. Ya yi fito, Saje ya zo ya kwanta. Yana dariya ya ja fatar gaban baya.

Sai dariyar ta tsaya.

Can ciki, inda ido ba ya kaiwa, ga tsiron nan ja jawur, kamar ƙaramin tumatir da ya fashe.

Wani dattijon mafarauci, Baba Dogo, ya leƙa ya ce, "Ƙaya ce ta soke shi a daji. Rufe, yaro, kada ka ɓata wa karenka suna da bakinka." Sauran duk suka ce haka ne. Wallahi da ya yi shiru, ba mai tayar da maganar.

Ya daɗe a tsugune, hannunsa a wuyan karen. Sannan ya ce, "Mai da Barsu gida."

Washegari ya hau keke ya shiga bin gidajen da aka taɓa kawo wa Saje karya, ni ina goye a bayan keken. A kowace ƙofa sai ya yi sallama ya ce, "Karena na da ciwo, na zo in duba taku." Wasu suka gode. Wasu suka zage shi. Wani mutum a Sabon Gari ya ce zai kai shi ƙara, Yaya Garba ya ce, "Ka kai ni, amma bari in duba ta tukuna." Ya sami ciwon a jikin wasu, ya roƙi masu su da su ɗaure su, kada su bar su yawo.

A lokacin ba maganin da ake da shi yanzu. Ya kai Saje asibitin dabbobi aka yanke tsiron, bayan 'yan watanni ya sake fitowa. Karen da ake dare masa hanya ya koma ɗaure a bayan gida, yana jin gangar farauta yana kuka. Da damina ya mutu. Ni na riƙe fatanya na haƙa masa rami.

Bai sake ajiye kare ba.

Daga baya Barsu ta haihu da wani karen, wanda shi da kansa ya duba mini. Na kwashi 'ya'yan a kwando na kai masa, na ce ya fara zaɓa. Ya kalle su, ya kau da kai. Ya ce, "Ba 'ya'yan Saje ba ne, ba ni da haƙƙi. Ajiye mini nawa."

Shi ke nan ya zama gaisuwarmu. Muka yi aure, muka haifa, muka aurar, haƙora suka zube, amma duk haɗuwa sai ya ce, "Bazazzage, ina kwikwiyona?" Ni kuma in ce, "Yana nan a ajiye." Jinin Barsu kuwa bai taɓa yankewa a gidana ba.

Watan jiya aka ce mini jikinsa ya yi nauyi. Karyar gidanmu ta haihu, sai na ɗauki wani baƙi a cikinsu na sa a kwali, na hau adaidaita, muka sha cunkoson kasuwar Singa har muka isa.

Na same shi a kan tabarma a soro, idon ya tafi. Na ɗora masa kwikwiyon a cinya. Hajiya Rabi ta ce, "Baba Bitrus, najasa fa! Yanzu na canza masa riga."

Ya ce, "Ƙyale ni, Rabi, akwai ruwa a gidan."

Ya shafa kunnuwan. Sai na ga ya juya shi rigingine, yatsun nan suna lalube, kamar yadda yake yi tun muna samari. Kwikwiyon da ko yaye shi ba a daɗe da yi ba! Na yi dariya, hawaye na zuba.

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Wannan karon bar mini shi."

Ku samarin da ke kiwon karnukan ƙasashen waje kuna sa hotunansu a shafin nan, ga roƙona. Kafin ku haɗa su, ku kai su wurin likita, macen da namijin duka, a duba su a gwada jini. Yanzu akwai allurar wannan ciwon. Kuma ka fara da naka.

Ɗazu kafin Hajiya Rabi ta kashe waya ta ce, "Baba, ya za mu yi da Saje? Tun asuba yake kwance a kan tabarmar, ya ƙi tashi."

Ban san ya sa masa suna ba.

Yanzu zan tafi Kwaciri in raka Yayana. In an dawo daga maƙabarta zan ɗauko karen, in ci gaba da ajiye masa.

Allah ya jiƙanka, Yaya Garba. Allah ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya ba Rabi da 'yan'uwanta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, Musulmi ko Kirista, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku sa ni, yau ba mai ce mini Bazazzage.