Bencin da Na Kai Barnawa

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma ina da ido. Shekarar da soja suka koma bariki aka ce boko ya zama kyauta, ita ce shekarar da jikata ta gama firamare. Uwarta ta rasu, ni ke riƙonta. Aka ba ta ƙaramar sakandaren gwamnati ta nan unguwarmu, Kakuri. Yara suka yi yawa har aka raba su, 'yan safe da 'yan rana, ita ta faɗa rana. Na taɓa leƙawa: wasu a ƙasa, wasu a kan taga, malami na ta ihu, muryarsa ba ta wuce layin gaba.

Maƙwabciyata nas ce, 'yar kudancin Kaduna. 'Yarta sa'ar jikata ce, amma tana wata makarantar gwamnati can wajen Barnawa. In na karɓo magani, 'yar nas ce ke karanta mini kwalin tiryan-tiryan. Tawa kuwa sai ta juya shi, ta ce rubutun ya yi ƙanana. Shekara guda a sakandare fa!

Nas ta ce, "Mama, ba laifin kan yarinyar ba ne. Can kusan kowa na cin jarrabawa. Nan kuwa wa ya ma san sunanta?"

A makarantar unguwarmu, in yaro ya zo da abin zamansa, ya samu wuri. Na ɗauka ko'ina haka ne. Na sa kafinta ya buga benci da teburinsa, na yi gammo, na ɗora a ka, jikata na biye da ni har Barnawa. Na sauke a ƙofar ofishin shugabar makaranta, wata mai tabarau, ba ta kai ɗiyata ta fari shekaru ba.

Ta ce, "Hajiya, aji ya cika."

"Cika? 'Yata, ga fili can bayan aji, akuya ma sai ta yi kiwo!"

"Kujeru sun ƙare."

"Ai shi ya sa na zo da namu."

Ta yi dariya, ta ce, "Ba katako ne ya yi mana kaɗan ba, malamai ne. In na karɓi taki, gobe kowa ya zo da benci a ka, mu koma irin wadda kika gudo."

Na ce, "To me ya sa tamu ba ta taɓa cika? Ba gwamnati ɗaya ba ce? Ko 'yan Barnawa ne kaɗai suka bi layin zaɓe?"

Ta tura ni ofishin ilimi. Can kuma kullum oga ya tafi taro, Hajiya ki dawo jibi. Na yi ta jibi har zango ya ƙare, ƙafata ta kumbura.

A 'yan rana jikata ta gama aji uku. Sakamako ya fito, ba ta haye ba, 'yar nas ta wuce babbar sakandare. Na ce ta maimaita, ta ce wallahi ba za ta sake zama da ƙannenta ba. Na kai ta wajen koyon ɗinki. Tana da hannu, ba wanda ya kai ta a layinmu, amma har yau awon mutane a ka take riƙewa, ba ta yarda ta rubuta a gabansu.