Malam Lawwali da filin waje

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kan babur zuwa kasuwar Isa da safen nan aka kira ni, wai Malam Lawwali Tozai ya rasu. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Shi ne malaminmu na wasanni a sakandare. Daga bautar ƙasa ya dawo da sanda ɗaya da tsofaffin safar hannu, ya ce sai mun koyi besbol, wasan maka ƙwallo da sanda. Gari ya yi ta dariya, ko a jikinsa.

Ni a filin waje ya ajiye ni, can nesa inda ƙwallo ke faɗowa in an maka ta sama. Mutum uku ne: na hagu, na tsakiya, na dama. Ni ne na tsakiya, Yaya Bello na hagu. Safata da ta yage, da kansa ya kai wa baduku.

Abin da ya fi ƙona masa rai kunyarmu. Ƙwallo za ta taho tsakanina da Yaya Bello, in ja baya don ya girme ni, shi ma ya ja baya yana zaton na riƙe. Tim, a ƙasa!

Sai Malam ya jefar da hula. "Ku ɗiyan ga! Nan ba a barin ma babba. Wanda ya gan ta shi buɗe baki shi ce, bar mani!"

Ganinmu na ƙarshe, na iske shi tsaye a gefen dama na filin wajen nan, yana kallon turakun da wasu suka kafa za su yanka shaguna. Ya rame sosai. Ya ce, "Nura, in an cinye waje, ina yara za su gudu? Za ni wurin manya, amma ƙafa ta ƙiya."

Wallahi raina a ɓace yake. Yau kowa ya cika Fesbuk da hotonsa, amma maganar filin an yi tsit. Tsofaffin ɗalibai na jiran malamai, malamai na jiran shugaban makaranta, shi kuma yana jiran na sama. An fara sauke bulo.

To, Malam, na gan ta. Ku bar mani.

Bayan sadakar uku zan je filin in tsaya a tsakiya, ba mai aza bulo ina wurin. Yaya Bello, hagu na nan ba kowa.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.