Shiyyar Ƙarshe da Malam Ashafa Bai Adana Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Ashafa Birchi, shugabanmu a ɗakin na'urorin makarantar da muke aiki a Dutsin-Ma, bayan jinyar kwana guda.

Malam, shekara shida ina yi maka tambayoyi, ba ka taɓa gajiya ba, duk da ka ce bakina ya fi fankar na'ura aiki. Kai ka nuna mini suwic, akwatin nan da ke haɗa manyan kwamfutocinmu da rumbun ajiyar bayanai. Ka ce aikinmu ja wa kowace kwamfuta iyaka ne, mu ba ta shiyyarta, kada ta ga hatsin maƙwabciya balle ta taɓa. Kowace shiyya kuma sunan wata gona ta Birchi kake sa mata: Gandun Lado, Bakin Rafi, Fadama. Injiniya Simeon da ya zo daga Kaduna sai da ya tambaya ko taswirar ƙauye ya buɗe.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne jinkirinka. Suwic yana aiki da sabon tsari nan take, amma in ba a adana ba, wuta na ɗaukewa batir ya ƙare, ya manta. Na sani, don na taɓa mantawa, rajistar ɗalibai ta tsaya cik yini guda, kai kuma ka ce wa shugaban makaranta laifin mu biyu ne. Duk da haka ba ka adanawa da gaggawa. Sai ka kunna, ka tafi sallah, ka dawo ka duba, sannan ka adana, ka rubuta "na adana" a baƙin littafinka.

Ranar Laraba na buɗe littafin. Layin Litinin yana nan: sabuwar shiyya don kwamfutar sakamakon jarrabawa, sunanta Tsamiya Biyu. Gurbin da kake rubuta "na adana" babu komai. Ashe daga masallaci aka wuce da kai asibiti. Sakamakon ɗalibai dubu uku yana rataye a kan batir, ni kuma ina tsoron adana abin da ba ka gama dubawa ba. Na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, babu kuskure. Sunan ne ban sani ba, alhali na haddace gonakinka kaf.

Da muka je gaisuwa Birchi na kasa haƙuri, na tambayi yayanka, Alhaji Lado. Sai ya dube ni ya ce:

"Ɗiyata Murja, ina kika ji sunan nan? Gonar tsohonmu ce. Ita Ashafa ya ce mani zai koma nomawa in ya aje aiki da damina."

Malam, ka san aikinka na ƙarshe ke nan a kan akwatin, shi ya sa ka ɓoye sunan sai yanzu? Wannan tambayar ba ni da wanda zan yi wa, kuma tana yi mini ciwo.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Hajiya Turai da 'ya'yanku, Hafiza da Mas'ud, da Alhaji Lado da mutanen Birchi haƙurin wannan rashi.

Daga Birchi ofis na wuce. Na yi la'asar, na sake dubawa, na adana Tsamiya Biyu. A gurbin da ka bari na rubuta da hannuna: mun adana, Malam.