Wushiryar da Hoto Bai Riƙe Ba

Shekara tara muka yi da matata, ban taɓa ɗaukar ta hoto ba. Ba hana shi na yi ba. Kunya ce irin ta gidanmu. In ɗaga waya in saita fuskarta, sai abin ya yi mini nauyi. Ta rasu da damina, ta bar mini 'ya mai shekara uku.

Ranar uku, na shiga cikin gida a Damba don in gaida mata masu zaman makoki. Yayarta, wadda ta zo daga Tsafe, ta ajiye wayarta a kan tabarma ta tafi alwala. Wayar ba ta mutu ba tukuna, ga matata a ciki, an ɗauke ta wurin wani suna, tana dariya. Ban iya buɗe baki na ce wa yayar matata ta turo mini hoton ƙanwarta ba. Sai na ciro tawa wayar, na ɗauki fuskar tata wayar da sauri, kamar mai sata, na fita.

Bayan wata biyar 'yata ta fara nuna matan da ke wucewa tana tambaya ko waccan ce Inna. Ni ma a lokacin na lura ina iya tuna muryarta da tafiyarta, amma fuskar sai na yi da gaske. Abin da na fi riƙewa wushiryarta ce, siririya, ta ɗan karkata hagu. Na ƙudura zan sa a wanke hoton babba, in rataye inda yarinyar za ta tashi tana gani.

Na kai wani shagon wanke hotuna kusa da kasuwar Gusau. Mai shagon, dattijo mai gilashi, ya buɗe shi a kwamfuta ya faɗaɗa. Fuskar ta watse ta zama 'yan murabba'ai, bakin ya zama farin layi guda. Ya yi mini bayani a hankali. Ya ce hoton waya ɗigo-ɗigo ne, kamar ɗinkin hula, kowane ɗigo ana ce masa fiksel. Hular da aka yi wa ɗinki kaɗan, in ka ja ta, ba zare zai ƙaru ba, ramuka za ka gani. Ya ce nawa ma ba hoto ba ne, hoton hoto ne, har da hasken taga a kan goshinta.

"Malam, nemo uwar," in ji shi. "Wayar da anka ɗauka da ita tun farko. Kuma a turo shi a matsayin takarda, kar a turo shi hoto, hanya tana rage shi."

Kunyar da ta hana ni magana ranar uku, ita na haɗiye na hau mota zuwa Tsafe. Yayar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce shekara tara ina da mutum a ɗaki ban ɗauka ba, sai yanzu na zama mai hoto. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ba ni nata nan take. Amma ta ce ita ma turo mata aka yi, daga wata 'yar kawunsu da ke aure a Bungudu.

Na koma shagon da na Tsafe. Ya fi nawa, amma bakin har yanzu layi ne. Dattijon ya ce irin wannan jefeg ne, wanda ake matsewa don ya yi sauƙin tafiya, kuma manhajar hira duk sanda ta karɓe shi sai ta ƙara matse shi. Abin da ta zubar ba ya dawowa.

Washegari na tafi Bungudu. Duk hanya addu'a ɗaya nake yi, Allah ya sa uwar hoton tana nan. Matar ta yi mini magana daga bayan labule. Ta ce ita ce ta ɗauka, amma wayar ta cika, kuma da ta ga ta riga ta tura wa dangi, sai ta goge nata, tunda hoto yana nan a hannun kowa. Ban ga laifinta ba. Ni ma da haka na ɗauka, cewa hoto kamar ruwa ne, ka juye a wani kwano yana nan yadda yake.

Da na faɗa wa dattijon, sai ya ce akwai wata manhaja mai cike gurbin da ya ɓace, in ina so a gwada. Na ce a gwada. Cikin ɗan lokaci fuska ta fito tas, fata sumul, ido yana ƙyalli. Haƙoran a jere suke, farare ƙal, babu wushirya. Kyakkyawar mace ce, ban san ta ba.

"Rufe," na ce. "Don Allah rufe."

Ya rufe. Ya ce na'urar ba tunawa take yi ba, cinka take yi. Na fita na tsaya a bakin shagon ina ƙoƙarin dawo da fuskar matata, waccan baƙuwar tana ta shigowa gabanta. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba.

Na koma ciki na ce ya wanke mini na Tsafe yadda yake, gwargwadon girman da zai iya ɗauka. Ya fito bai kai tafin hannuna ba. In ka matsa kusa, ba ka ganin komai sai dishi-dishi. In ka ja baya taku biyu, ita ce.

Na sa shi a bango, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yarinyar. Kullum sai ta manna hancinta a jiki, ni kuma in jawo ta baya kaɗan. Sai in ɗora yatsa a kan farin layin nan in ce mata a nan akwai wushirya, siririya, ta ɗan karkata hagu. Yanzu ita ke riga ni faɗa.