Hatimin da Na Buga wa Kawu

Abubuwa da yawa sun faru da ni a aikin injiniya waɗanda yau ko an tuna mini sai na yi dogon tunani. Amma maganar shato, wato dogon tankin ruwan wani ƙauye a yankin Mallawa, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Ba wanda ya mutu a ciki, ba abin da ya faɗo a kan kowa. Duk da haka, har gobe in na jawo durowa na ɗauko hatimina, sai na ji hannuna ya ɗan yi nauyi.

Bari in yi bayani saboda wanda ba sana'arsa ba ce. A wajenmu injiniya ba ya aiki sai hukumar injiniyoyi ta ƙasa ta yi masa rajista, ta ba shi lamba da hatimi. Duk zanen ginin da ka ga hatimi a kansa, mai hatimin yana cewa ne: na je wurin, na gani da idona, na yi lissafi, in ya faɗi a kama ni. Haka abin yake a takarda. A aikace kuwa, mu na bakin iyaka muna da wata al'ada ta aron hatimi. Injiniyan tsallake ya samu aiki a nan, hatiminsa ba ya ci a ƙasarmu, sai ya kawo wa na nan ya buga masa. Namu ma in sun tsallaka haka suke yi. Ba mu ɗauke shi laifi ba a lokacin, zumunci muke kiransa.

Wanda ya kawo mini nasa zanen ba baƙo ba ne. Kawuna ne, yayan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke zaune a tsallaken iyaka, ɓangaren Najeriya. Tsohon injiniya ne da ake ji da shi a can. Shi ya fara koya mini karanta zane, shi ya dage a bar ni a lakwal, wato makarantar boko, lokacin da mahaifina yake ganin gonar gero ta fi buƙatata. In ka ce a hannunsa na zama mutum, ba ka yi ƙarya ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya iso birona, wato ofishina, a Dungas, da takardu a naɗe a hammata. Muka gaisa, na sa aka kawo shayi. Ya ce wata ƙungiya ce za ta gina wa wani ƙauye shato, wato tankin ruwa mai tsayi a kan ginshiƙai, shi ya yi zanen, saura hatimin ɗan ƙasa.

"Ɗana, buga mini nan, ina son in tsallaka kafin la'asar."

Na buɗe shafin farko, na ga layukansa tsaf kamar kullum. Raina ya ce in tambaye shi takardar gwajin ƙasar wurin. Amma da wane baki? Ni da ya goya, in ce masa "Kawu, ina shaida?" Kunya ta rufe ni. Da kofin shayi a hannun hagu na buga hatimin da na dama, na sa hannu. Ko minti biyu ba a yi ba. Ya shi mini albarka ya tafi, ni kuma har ina jin daɗi wai yau na yi wa Kawu amfani.

Bayan kamar mako uku aka kira mu wani taro a Damagaram. Hukumomin injiniyoyi na ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu ne suka turo wakilai, za a tattauna yadda za a riƙa amincewa da rajistar juna da kuma ladabtar da masu saɓa ƙa'ida. Gaskiya ni ban je da zuciya ɗaya ba. Ina da raini ga irin waɗannan tarurruka: a zauna cikin sanyin otal, a sha ruwan gora, a yi ta Faransanci da Turanci, a ɗauki hoto, a watse. Na samu kujerar baya na zauna ina lissafin lokacin cin abinci.

Sai wata dattijuwar injiniya daga tsallake ta miƙe. Ba ta yi doguwar magana ba, kuma da ta ga masu fassara suna jan ta baya sai ta juya ta yi da Hausa, tunda rabin ɗakin muna ji.

"Mu mu dakatar da mutum ranar Litinin, ranar Talata ya hau kabu-kabu ya tsallako wajenku ya ci gaba. Ku ku dakatar da naku, ya zo wajenmu. To wa muke karewa? Siminti bai san iyaka ba. In zai faɗo, ba ya tambayar takardar wace ƙasa ke aljihun wanda ke ƙarƙashinsa."

Aka amince a wurin cewa kowace hukuma za ta riƙa aika wa sauran hukumomin sunayen waɗanda ta dakatar, kuma duk wanda ya ara wa dakatacce hatimi, hukuncin ya hau kansa shi ma. Don a nuna da gaske ake, aka raba takardun farko nan take. Takardar ta zagayo har kujerar baya. Ina dubawa sama-sama, sai idona ya tsaya cak. Sunan Kawu ne, da lambarsa. An dakatar da shi shekara biyu saboda ya sa hannu a zanen wani gini ba tare da ya taka wurin ba, ginin kuma ya tsage. Na karanta har sau uku ko sunan zai canza. Abincin da nake ta jira, da aka kawo shi ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Washegari da sassafe na kama hanya. Daga Mallawa na hau babur ɗin kabu-kabu, muka yi ta kutsawa cikin rairayi har ƙauyen. Ashe aiki ya yi nisa. An zuba harsashi, ginshiƙai huɗu sun tashi sun wuce tsayin mutum, magina na ta kwaɓa siminti. Mata suna wucewa da tulu daga tsohuwar rijiya mai nisa, kowacce sai ta ɗaga kai ta dubi ginin ta yi murmushi. A ƙarƙashin tankin ne aka tsara jera famfuna, wato a nan za su riƙa yin layi safe da yamma.

Wani tsoho yana zaune a gindin gawo yana kallona. Aka ce mini mahaƙin rijiya ne, duk rijiyoyin yankin da hannunsa a ciki. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ya ka ga ƙasar nan?"

Ya ce, "Kai ne na farko da ya tambaya."

"To na tambaya, Baba."

"Nan kududdufi ne. Duk gidajen da kake gani, daga nan aka ɗebi ƙasarsu. Da ya yi zurfi muka ji tsoron kada yara su faɗa, muka shekara muna cika shi da shara da toka. Mai gari ya ba da filin ne don ba na kowa ba ne. Na so in yi magana, aka ce masu karatu sun riga sun auna."

Masu karatu. Wallahi maganar nan ta fi mari zafi. Na karɓi dogon ƙarfe daga hannun magina, na matsa gefen harsashin na kafa shi, na danna. Ya ɗan yi gardama a sama, daga nan ya nutse kamar ludayi cikin kunu. Na sa aka haƙa rami. Muka yi ta fito da fasassun tukwane, tsummokara, baƙar toka, har da wani tsohon takalmi. A kan wannan ne za a ɗora tanki cike da ruwa, mata da goyo a ƙarƙashi. Zanen Kawu ba shi da aibu ko ɗaya, amma na ƙasa mai tauri ne, irin ta wajensu. Bai zo ba. Ni ma da nake kusa ban zo ba.

Na tsayar da aikin a ranar. Mai gari bai ji daɗi ba, kuma yana da gaskiya. Wata mata ta sauke tulunta ta dube ni ta ce, "Malam, shekara nawa muna jira, sai da muka ga ginshiƙi za ka ce a fasa?" Na ba ta haƙuri.

Daga can na tsallaka wajen Kawu. Na same shi a zaure, na zauna a ƙasa, na faɗa masa abin da na gani, kaina a sunkuye. Bai musa ba. Da na ambaci takardar dakatarwa sai fuskarsa ta canza.

"Har can ta kai?"

"Ta kai, Kawu. Yanzu suna aika wa juna."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "To, abin da ya faru ya faru. A matsar da shaton wani wuri, ka yi sabon zane, a yaga wancan. Wa zai sani? Ni tsufa ya zo mini, kai kuma kana da iyali. Rufa mana asiri."

Ba zan ɓoye ba, shawarar ta shige ni. Hanya ce mai sauƙi: ruwa zai zo, ba wanda zai ji rauni, hatimina zai tsira, sunan Kawu ba zai ƙara ɓaci ba. Kwana huɗu ina juya maganar. Abin da ya hana ni sakat shi ne tambaya ɗaya: ni kaɗai ne ɗan da Kawu yake da shi a wannan ɓangaren? Yana da ɗalibai a Magarya, yana da abokai a Damagaram, dukkansu suna jin nauyinsa kamar yadda nake ji. In na yi shiru, wata Juma'ar zai shiga wani biron da wasu takardu a hammata, kuma ba kowane ƙauye ne ke da tsoho a gindin gawo ba.

Na rubuta wa hukumarmu wasiƙa. Na fara da laifina: na buga hatimi a zanen da ban bincika ba, a wurin da ban taka ba. Sannan na faɗi mai zanen, ina sane sarai cewa bisa sabuwar yarjejeniyar, kwafin zai tsallaka. Kafin in aika sai da na je na gaya wa Inna. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

"Ɗan'uwan nawa? Wanda ya tsaya maka?"

"Shi, Inna."

"To Allah Ya sa ka san abin da kake yi." Ta tashi ta shige ɗaki. Wannan addu'ar ta fi faɗa ciwo.

Hukunci ya zo. Ni aka karɓe hatimina wata shida. Na koma gona a ƙauyenmu Guci, mutane suna tsokanata wai injiniya ya dawo awon kunyar gero da hauya. Kawu kuwa hukumarsu ta soke rajistarsa gaba ɗaya. Ya daina ɗaukar wayata. In na je gaisuwar Sallah, sai a ce mini yana hutawa. Shekara biyu muna haka, kuma ba ranar da ban tambayi kaina ko na yi daidai ba. Wani injiniya ya sake zane, aka gina shaton a arewacin ƙauyen kan ƙasa mai tauri, wurin da tsohon nan ya nuna da sandarsa. Tsofaffin ginshiƙan aka bar su a tsaye. Damina ta biyu, ba tanki ba komai a kansu, biyu suka karkace.

Ranar sunan 'yata ta uku, ba zato sai ga Kawu. Bayan an shafa fatiha ya kira ni gefe ya ce, "Kai ni wurin." Muka tafi. Ya tsaya gaban ginshiƙan da suka karkace, ya daɗe yana kallo. Daga can arewa ana jiyo hayaniyar mata a bakin famfo. Ya kafa sandarsa a ƙasa ya danna, ta shige.

"Daga ƙofar gidana zuwa nan," ya ce, "ko awa biyu ba a yi a kan babur."

Ya zare sandar, ya juyo ya dube ni.

"Ni na koya maka cewa ƙasa ake fara tambaya kafin takarda. Me ya sa ranar ba ka tambaye ni ba?"

"Kunya, Kawu."

Ya girgiza kai. "Da ka tambaye ni, da na ji haushinka na yini ɗaya. Da yanzu ina da sunana."

Wannan maganar ita ce abin da na tsira da shi daga duk lamarin. Na daɗe ina ganin wasiƙar da na rubuta ce ta cuci Kawu. Ashe tun ranar Juma'ar nan na cuce shi, lokacin da na buga hatimi da kofin shayi a hannu, ina ganin ladabi nake yi. Girmama babba ba shi ne ka rufe ido ka sa masa hannu ba. Yanzu takardar sunayen nan tana zuwa daga tsallake, kuma ni da nake raina taro, ni ke fara karanta ta. Duk wanda ya kawo mini zane, ko da furfura har gira, nakan ba shi kujera, in sa a kawo shayi, in bar hatimin a durowa, in ce masa, "Sha, mu je mu ga wurin."