Tambayar da Ban Yi wa Baba Sule Ba

Har gobe ban manta da Litinin ɗin da Dokta ya tsaya a kan ƙafar Baba Sule ya yi shiru ba. Ku sababbin ma'aikata ba ku san Dokta ba, amma shirun likitan nan ya fi faɗansa ban tsoro. Lokacin ina shekara ta uku a ɗakin pansiman, wato ɗakin wankin ciwo, a ƙaramin asibitinmu na nan unguwar Briqueterie.

Baba Sule mahauci ne, maƙwabcinmu, shi ya yanka ragon sunana. Yana da ciwon suga. Tsinin ƙashi ya taka a mahauta, kuma da yake suga ya kashe masa jin ƙafa, bai sani ba sai da wari ya tona. Ranar da ya fara zuwa, gefen ƙaramin yatsa ya yi baƙi, ga mugunya. Aikinmu a nan sananne ne. A wanke da ruwan gishirin asibiti, a sa almakashi da aska a cire mataccen nama har a kai ga mai jini, don ciwo ba ya haɗewa a kan matacce. Sai a sa magani a rufe da 'yar laima, ba sharkaf ba, ba kuma ƙayau ba. Ina yanka yana leƙe, ko gezau.

"'Yata, ƙara ta hagu," in ji shi. "Wannan naman ko kyauta ba zan ba mutum ba."

Na ja masa kunne kada ya taka ƙafar, kada ruwa ya taɓa bandejin, ya riƙa dawowa bayan kwana bibbiyu. Ya ce to.

Kwana goma ina fama. Sugansa ya sauka, yana shan magani, ƙanensa ya karɓi teburin nama. Amma duk na kwance bandeji sai in tarar bakin ciwon ya yi fari ya yamutse kamar hannun mai wanki, abin da na gyara shekaranjiya ya sake ruɓewa. Na zargi hannuna, na zargi tukunyar dafa kayan aiki. Majo, shugabarmu ta masu jinya, ta tsaya a kaina har na gama, ta ce ba ta ga kuskure ba. Wannan ma ya ƙara tayar min da hankali.

Ran Litinin ɗin, da Dokta ya gama shirunsa, sai ya ce, "Madam Hadiza, zuwa Juma'a. In jan da ya kewaye ciwon nan ya haura idon sawu, babban asibiti za mu tura shi, kin kuma san abin da za su yi." Na sani sarai, yanke ƙafar za su yi.

Ran Laraba layi ya yi tsawo, har aka kira azahar ban kai kansa ba. Da na fita nemansa, sai na hango shi bayan asibiti, kusa da famfo, yana alwala. Da ya zo kan ƙafa, sai ya ɗaga bakin bandejin da yatsa, ya tsiyaya ruwan buta ciki, ya cuɗa tsakanin yatsu, har sau uku. Na ruga wurinsa.

"Baba! Ba na ce kada ruwa ya taɓa ba?"

"Kin ce. In zan yi wanka ma leda nake ɗaura mata. Amma in tsaya gaban Allah da ƙafa ba wanki? Ai sau biyar ne kawai a rana."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Kin tambaye ni?"

Kunya ta rufe ni. Ni ma alwalar nan nake yi kullum, amma ko sau ɗaya ban tuna cewa shi ma yana yi ba. Na ce masa addini ya yarda a shafa saman bandeji kawai. Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ki tsaya kan almakashinki." Na gane ba daga bakina zai karɓa ba. Na nemi izinin Majo, na ratsa lunguna da farar rigata har gidan limamin masallacinsu. Liman ya biyo ni da kansa. Ya tsuguna, ya jiƙa hannu, ya yarfe, ya shafa saman sabon bandejin da na naɗa.

"Shi ke nan, Sule," in ji shi. "Cutar da kai ba ibada ba ce."

Ran Juma'a na kwance bandejin. Jan bai haura ba, kuma a ƙasan ciwon ga sabon nama ja ya fara tsirowa. Sai dai ƙaramin yatsan ya riga ya mutu, dole aka cire shi a babban asibiti. Ƙafar ta tsira, bayan wata biyu ta haɗe.

Shi ya sa kuke ganin ina ɓata lokaci da surutu kafin in naɗe ciwo, har kuna min dariya. Minti ashirin ciwo yake yi a hannunmu, sauran wunin yana hannun mai shi, kuma mutanenmu za su ce maka to don girmamawa, su je su yi abin da suka ga ya fi nauyi. Ku tambayi mutum yadda yake wanka, yadda yake aiki, yadda yake sallah. Baba Sule bai taɓa ganin laifina ba, har yau in na je sayen nama sai ya ƙara min tsoka. Amma ina ganin ɗingishinsa in ya juya, na kuma san yatsan nan kwana goma ya yi yana jiran in buɗe baki.