Man Shanu a Cikin Keken Ɗinki

Keken ɗinkina ya shigo Dakoro a bayan raƙumi, naɗe cikin bargon soja. Maigidana ne ya sayo mini shi a Maraɗi, lokacin da Faransawa suka sallame shi daga aikin soja, muna sabon aure. Keke ne na hannu, baƙi wuluk, da zanen furanni ruwan zinariya a wuyansa, yana zaune bisa akwatin katako. Ran da aka buɗe shi na kasa cin tuwo. In kalli keken, in kalli mutumin da ya kawo shi, na rasa wanda ya fi kyau a cikinsu.

Maigidan nan nawa ɗan makiyaya ne, babu maƙeri a danginsu. Amma a bariki ya saba zama wurin masu gyaran motoci, ya dawo da son ƙarfe a zuciyarsa. Sana'arsa dillancin tumaki ce. In ya taso daga kasuwa, sai ya shimfiɗa buzu ƙarƙashin aduwar tsakar gida, ya zazzage 'yar jakarsa: magagari, awartaki, ƙaramar guduma, da turnabis na kwance ƙusa mai murɗi. Ya gyara kwaɗon wannan, ya gyara fitilar wancan, don jin daɗi kawai. Ni kuwa ina daga ƙofar ɗaki ina satar kallon yatsunsa.

Sai mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, ta zo daga wajen Azagor bayan rasuwar mijinta. Ta ce za ta gwada zaman gari ne kawai. Ta rataye jakarta ta fata a bakin ƙofa, ba ta kwance ta ba, don kowa ya san ranar da aka ɓata mata rai arewa za ta koma, ga tsufa, ga babu mai kula da ita can. Abu biyu ne ba su yi mata ba a gidanmu. Ɗaya, ganin ɗanta tsugune gaban gawayi kamar ɗan maƙera. Ɗayan kuwa ni ce, 'yar gari wadda ba ta iya tatsar akuya ba. "Ke yarinya" take ce mini, in ma ta kira ni.

Duk abin da Inna take so, man shanu take shafa masa. Salkar ruwanta, ƙwaryar nononta, sirdin marigayi, kan jariran maƙwabta, duk suna sheƙi. Ni dai ban taɓa samun ko ɗigo ba.

Wata rana na tafi suna Birnin Lalle. Da na dawo na tarar da kekena yana ƙyalli, ɗakin ya cika da ƙamshin da na sani. Inna tana zaune a dokin ƙofa tana kaɗa zare, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Abin nan naki ina jin yana kuka kullum, ƙishi gare shi. Na ba shi ya sha, ɗiyata."

Narkakken mai ta zuba a kowace kafa ta keken. Ni kuwa ban ji komai ba sai kalmar ƙarshe. Ɗiyata! Na shiga ɗaki na rungume keken ina hawaye.

Da farko gudu ya dinga yi kamar ruwa a gangare. Amma da sanyi ya shigo, man ya daskare a ciki, ya haɗu da yashi da burbushin zare ya zama kamar danƙo. Wata safiya ina tsakiyar ɗinka riga na ji ya cije. Na ƙara ɗan ƙarfi, sai na ji ƙas. Mariƙin da nake murzawa da hannu ya shiga juyawa shi kaɗai, allura ba ta motsi.

Maigida ya leƙa ciki, ya shinshina, ya dube ni.

"Wa ya ba keken nan fura da mai?"

"Malam, rufa mini asiri. In Inna ta ji man shanunta ne ya kashe shi, wallahi jakar nan za ta sauke."

Ya daɗe yana kallon jakar da ke rataye. Ya ce, "To, mu jira ta kora awaki."

Washegari da hantsi, tana fita, ya shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, ya ce in zauna in koya, don ba kullum yake gida ba. Abin da ya koya mini a ranar har yau da shi nake aiki. Duk abin da ka cire, ka ajiye shi kusa da wanda ya riga shi fita, daga dama zuwa hagu kamar rubutun allo, in ka tashi mayarwa ka biyo layin da baya. Ƙusar da ta ƙi kwancewa ba a yi mata dole, a ɗiga mata kananzir a bar ta ta jiƙa. Bakin turnabis ya cika tsagar ƙusa daidai, in ya yi ƙanƙanta zai cinye kan ta. Kuma ba a dukan ƙarfen keke da guduma tsirara, sai an sa guntun ice a tsakani.

"Lallashi yake so," in ji shi, "kamar wata da na sani."

Na ce, "Waccan ai ba ta taɓa cijewa ba."

Ya yi dariya har ƙusa ta suɓuce masa cikin yashi, muka yi ta tankaɗe da rariya kafin mu gan ta. Shi ya sa tun daga ranar ƙyalle mai faɗi nake shimfiɗawa.

Muka wanke komai a ƙwarya da kananzir, muna saƙa gashin kaza da tsohon asuwaki cikin lunguna. Dunƙule-dunƙulen mai suka taso saman ƙwaryar, rawaya-rawaya. A nan muka ga ainihin ɓarnar: wani siririn tsinken ƙarfe da ke haɗa mariƙi da babban zoben keken ya karye biyu. Maigida ya goge ƙusar katako ya sa a madadinsa. Juyi kaɗan ta lanƙwashe. Ya ce ƙusa laushi gare ta, sai ƙarfe mai taurin allura, irinsa kuwa sai Maraɗi.

Muna cikin wannan sai ga inuwa a kan ƙyallen. Inna ce, wata akuya ce ta haihu a hanya, shi ne ta dawo gida da ɗan a kafaɗarta. Ta dubi keken a warwatse. Ta dubi ƙwaryar. Macen da ta yi rayuwarta tana kaɗa nono ba ta bukatar a gaya mata abin da ke yawo a saman kananzir ɗin nan. Ta sauke ɗan akuyar a hankali, ta nufi ƙofarta, ta sauke jakar fata ta shige da ita.

Muna jin motsin kaya a ciki. Maigida ya miƙe zai bi ta. Ni kuwa a raina har na hango ta a kan hanyar arewa, ita kaɗai, tana ƙanƙancewa.

Sai ta fito. Ba jaka a hannunta, sai basilla, doguwar allurar da take ɗinkin fata da ita tun tana amarya.

"Ungo," ta ce wa ɗanta. "Ƙirar Buzaye ce, ta huda fatar raƙumi ba ta lanƙwasa ba. Tunda ka zaɓi zama maƙeri, zama na kirki."

"Inna, in na yanka ta ba za ta koma ba."

"Na tambaye ka? Hura wutarka."

Ya hura gawayi, ya sa basillar har ta yi ja, ya binne ta cikin toka mai zafi don ta huce a hankali, ta yi laushin da magagari zai ci. Bayan azahar ya tono ta, ya yanke daidai tsawon tsohon tsinken. Ya nuna mini yadda ake guga: a tura magagari gaba, a ɗaga shi a dawo, ana yi ana gwadawa a kafar, don abin da ka goge ba ya dawowa. Inna tana gefe, wai ba ta kallo. Amma da wutar ta fara lafawa, ita ce ta ɗauki faifai ta shiga fifita.

Da tsinken ya zauna daidai, ya ce saura a mayar masa da taurinsa. Na kawo ruwa. Ya girgiza kai.

"Siririn ƙarfe in ya sha ruwan sanyi tsagewa yake yi. Mai yake so. Inna, da sauran man nan naki?"

Ta harare shi, tana zaton tsiya yake mata. Da ta ga da gaske yake, ta tashi da saurin da ban san tana da shi ba, ta kawo ɗan tulunta, ta narka man da kanta. Ya sake gasa tsinken ya yi ja, ya kama shi da awartaki ya tsoma. Ya yi cuu, hayaƙi ya tashi, gidan ya ɗauki ƙamshi kamar ana suyar biki. Sannan ya goge shi, ya ɗan ɗumama shi a gefen wuta har ya yi launin busasshen karan gero, don kada taurin ya yi yawa ya karye.

Muka mayar da komai bisa layinsa. Ya ɗiga man keke na ɗan gwangwani, ɗigo ɗaya a kowace kafa. Na kama mariƙi na juya. Allura ta sauka, ta hau, ta sauka.

Inna ta kasa kunne, ta ce, "To. Ashe dai sai da ya sha man nawa ya tashi."

Babu wanda ya musa mata. Daga ranar akwatin katakon ya zama rabonta, shi take shafawa duk Juma'a, bai kuwa taɓa tsagewa ba duk zafin Dakoro. Jakar fata ba ta koma bakin ƙofa ba, ƙarƙashin gado ta shige, an kwance ta. Da yamma ta kira ni wai kaina ya bushe kamar na marainiya, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta lakato mai.

Su biyun duk sun riga ni, Allah ya jiƙansu da rahama. Keken yana nan, furannin wuyansa sun goge. Na canza masa abubuwa da yawa da hannuna, yadda aka koya mini, amma tsinken nan ban taɓa cire shi ba.